Sha Biyar ga Watan da Aka Soke

Ranar Zakara (a jerin ranakunmu masu sunayen dabbobi), 16 ga watan sha ɗaya, shekara ta biyar ta mulkin Sarki Meiji

Yau dagaci Jinbei ya tara mu a bakin teku. Ya hau kan kifaffen kwale-kwale da wannan hular Turawan da ya fara sawa tun da ya aske tukkunsa, ya karanta sanarwa daga Tokyo. Wai an daina lissafi da wata, an koma lissafi da rana irin na Turawa. Watan sha biyu mai kamawa kwana biyu kacal zai yi, kashegari sai sabuwar shekara.

Mutane suka yi ta dariya. Wani ya ce shekarunsa fa, rage masa za a yi ko ƙari? Matar mai gishiri ta ce ita ko shinkafar moci, tuwon bikin sabuwar shekara, ba ta surfa ba. Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Dagaci, sha biyar ga watan fa?"

"Babu ita, Oyone."

"Ina ta tafi?"

"Ke dai an ce miki babu."

Ran sha biyar ga watan sha biyu bara mijina Tokuzo ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ko takalminsa teku ba ta mayar mana ba. Ba kabari, ba toka. Ranar nan ce kaɗai ta rage masa. In ta zagayo, malamin haikali ya yi masa karatu a bakin ruwa, a saki ɗan jirgin kara da abinci a ciki, ya hau ya tafi wurin kakanninsa. Kuma sai a ranar, don wanda ruwa ya ci ba ya matsowa gaɓa sai ranar da ya tafi. Ko yaran garin nan sun san haka. Yanzu wani da hannunsa bai taɓa yin ƙarnin kifi ba ya ja layi a takarda ya share masa ita.

Ba za ta saɓu ba.

Ranar Kare, 17 ga wata

Na faɗa wa Inna. Uwarsa ce fa, ita ta haife shi. Ko ɗagowa daga ɗinkin komar kamun kifi ba ta yi ba, ta ce, "To, tunda an soke, a bar shi." Na fita waje don kada bakina ya kufce.

Ranar Sa, 20 ga wata

Na hau tudu wurin Malam Enkai na haikali. Na same shi ya rungume kaskon wuta, hanci na zuba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ko dai a yi wa Tokuzo karatu ran biyu ga wata kafin shekarar ta rufe, ko a jira sha biyar ga watan sha biyu na sabon lissafi, baɗi ke nan.

Na ce, "Malam, ran biyu ba ya nan, wa za ka yi wa karatun, kaguwa? Baɗi kuwa, ya ƙara shekara guda cikin ruwan sanyi?"

Ya ce, "'Yata, an sa wa haikalai ido. Na bayan dutsen can an sauke ƙararrawarsa an narkar, malaminsa yanzu dankali yake nomawa. Ni da tsufana in yi karatu a ranar da hukuma ta ce babu?"

Na ce ai da ya bar ƙararrawar ma su ɗauka, tunda ba ta tashe shi ba. Bai yi fushi ba, ya ba ni shayi. Da ma ya yi fushin, da na fi samun sauƙi.

Ranar Zomo, 22 ga wata

Na je taimaka wa mata jan kwale-kwale kan yashi. A cikin na Sahei, abokin Tokuzo tun suna yara, na ga ludayi sabo fil an fasa masa gindi.

Na san amfaninsa. Wanda ruwa ya ci ba a sallame shi ba, yakan biyo jirgi ya ce a ara masa ludayi. In ka ba shi mai kyau, ya yi ta ɗibar teku yana zubawa a jirgin har ku nutse. Shi ya sa ake ba shi marar gindi, ya yi ta ɗiba a banza. Sahei ya ga na gani, ya ja koma ya rufe.

Na ce, "Na wa ne, Sahei?"

Ya ce, "Haba matar abokina, ai na kowa da kowa ne."

Ƙarya yake. A garin nan mutum ɗaya ne a cikin ruwa. Tokuzo da ko wutar taba ba ya iya roƙa sai ya yi ta sosa ƙeya, shi za a mayar maroƙin ludayi? Na yi kuka a bayan rumbun gishiri, na share fuska, na koma na kama igiya.

Ranar Doki, 25 ga wata

Mai tallan gawayi ya sauko daga ƙauyenmu da saƙon Yaya Seiroku. Wai yaushe za a saki jirgin, ya zo ya tafi da ni gida. Haka al'adar take, matar da ba ta haihu ba in an sallami mijinta ita ma ta koma gidan iyayenta. Na ce ya faɗa masa ran sha biyar. Ya ce sha biyar ta wane lissafi? Na ce ta wata, in ya cika ya yi da'ira, Yaya ba makaho ba ne.

Inna na gefe tana yanka radish, farin tushen nan mai kama da karas. Ta yanka ninkin abin da za mu ci.

Ranar Biri, 27 ga wata

Na fara saƙa jirgin. Hannu duk ya tsage.

Ranar Kare, 29 ga wata

Kai, yau na ga abu! Na dawo daga rijiya na tarar Inna ta cusa sauran karan shinkafar da na ware a murhu. Har da gindin jirgin da na gama jiya.

"Inna, me ke nan?"

"Itace ya jiƙe. Da me zan hura wuta, da gashina?"

"Ga itace can busasshe a ƙarƙashin rumfa!"

"Ke yanzu har kin fi ni sanin gidana?"

Na faɗa mata magana marar daɗi. Na ce ashe akwai uwar da za ta ɗumama ƙafarta da jirgin ɗanta. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Na je gidan Sahei na karɓo kara dami guda, ya ba ni ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Daga yau jirgin a ƙarƙashin mayafina zai riƙa kwana.

Ranar Ɓera, 2 ga watan sha biyu

Wai yau ƙarshen shekara. Kowane gida ana kirɓa moci a gurguje, rabi duk gudaji. Ba wanda ya gama sharar gida. Mu ba mu kirɓa ba, muna takaba.

Ranar Sa, 3 ga watan sha biyu

Uku ga wata na rubuta, kuma uku ga wata ce. Su suna cewa ɗaya ga watan ɗaya. Dagaci ya bi gida gida yana barka da sabuwar shekara, hula a hannu, kunnuwa sun yi ja don sanyi, tukkun ma da yake ɗan tare masa iska babu. Da magariba ga jinjirin wata nan a yamma sarai. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin sabuwar shekara da wata a sama ba, don a lissafinmu ran ɗaya ga wata bai fito ba tukuna. Na tsaya na dube shi sosai. Shi dai ba a karanta masa sanarwar ba.

Ranar Doki, 8 ga watan sha biyu

Na tare dagaci a hanyar rijiya, na ajiye bokitaina a gabansa yadda ba zai wuce ba. Na ce ba izini na zo nema ba, sanar da shi nake. Ran da wata ya cika zan saki jirgin Tokuzo, kuma ina so a hana kwale-kwale fita kamar yadda aka yi wa kowa.

Ya ce, "Oyone, ke ba kya gajiya? So kike a cire ni?"

Na ce, "Da ubanka ne a ruwan fa?"

Ya cire hular, ya juya ta, ya mayar. Can ya ce shi bai hana ba, bai kuma ji ba. Wai ranar ma yana da tafiya birni, kuma mutum ba ya ganin abin da ake yi a bayansa. Masunta kuwa in sun ga dama su zauna gyaran koma, wa zai tilasta musu fita?

Daga nan na wuce tudu. Na faɗa wa Malam Enkai ko ya zo ko kar ya zo, ni zan yi karatun da abin da na iya, in na yi kuskure alhakin a wuyansa. Ya ce, "Ba zan yi karatun cika shekara a ranar da babu ba. Amma an ce in riƙa taka ƙafa a bakin teku saboda gwiwa. Kuma ni in ina tafiya bakina ba ya shiru, tsufa ne."

Na sunkuya har goshina ya taɓa tabarma. Ya ce in tashi, ina tare masa ɗumin wuta.

Ranar Zakara, 11 ga watan sha biyu

Da hantsi ina ɗaure wa jirgin ɗan filafilinsa a bakin ƙofa, Inna ta zo ta zauna kusa da ni. Rabon da mu yi magana ta kirki tun ranar murhu. Ta karɓi jirgin ta juya shi, ta ce gindin ya yi faɗi, zai yi ta juyi a wuri ɗaya. Ta warware ta sake matse shi. Yatsunta duk sun kanannaɗe amma sun fi nawa sauri.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Kin ɗauka ba na son ya huta?"

Ta ƙara matse karan, ta ci gaba.

"Jirgin nan ƙarami ne, amma mutum biyu zai ɗauke mini. Da na ji an soke ranar, kunya ta hana ni faɗa, amma daɗi na ji. Na ce ya ƙara haƙuri shekara ɗaya, ai yaro ne mai haƙuri. Kin ji irin uwar da nake."

Ina ta faɗa da dagaci, da malam, da Tokyo gaba ɗaya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zai ɗebo mata ruwa ran sha shida ba. Ta miƙo mini jirgin ta ce, "Gama shi. Kada ki biye mini."

Ranar Kare, 12 ga wata

Na ɗaure kayana. Ba su da yawa. Abinci ya ƙi shiga.

Ranar Sa, 15 ga watan sha biyu

An yi.

Da la'asar ruwa ya fara ja baya. Ba kwale-kwale ko ɗaya a teku, kowa wai komarsa ta yage. Dagaci ya tafi birni tun da safe, amma matarsa ta zo da moci uku a ganye ta ce tsintarsu ta yi. Malam Enkai ya sauko yana dogara sanda, ya yi ta kai da komo a kan yashi yana taka ƙafarsa, bakinsa bai yi shiru ba daga farkon karatun har ƙarshensa. Har sunan Tokuzo ya kira da ƙarfi, ya manta yawo ya fito.

Na sa shinkafa da moci da ɗan tabarsa. Inna ta zo a ƙarshe, ta yanko hannun tsohuwar rigarsa ta shimfiɗa a ciki, wai kada ya zauna a kan kara tsirara. Mu biyu muka shiga ruwa har gwiwa. Sanyi kamar wuƙa. Ta riƙe gefe na riƙe gefe, ta ce, "Tafi, ɗan nan. Ka daɗe a jiƙe." Muka saki.

Bai yi juyi ba, ya miƙe sak. Muna tsaye har ya ɓace, wata kuma ya leƙo ta bayan tsibiri cikakke.

Da za mu tafi na ga Sahei ya zaro ludayin nan daga kwale-kwalensa ya karya a gwiwa, ya jefa a wutar da yara suka hura. Ban ce masa komai ba. Na goya Inna zuwa gida don ƙafafunta sun ƙi motsi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro.

Ranar Zomo, 15 ga watan ɗaya, shekara ta shida

Yaya Seiroku ya iso jiya, ya kwana, ya koma yau da safe da busasshen kifi ɗauri biyu. Ya yi ta faɗa wai na sa ya sha hanya cikin dusar ƙanƙara a banza. Na ce ya gaida Baba, zan zo ganinsu in ƙanƙara ta narke.

Ba wani abu ba ne, waken miso ne, daddawarmu ta miya. Shekaranjiya da muka dawo na jiƙa shi, ban ma san na jiƙa ba, kuma wake in ya sha ruwa ba a barinsa. Sai an dafa, an kirɓa, an haɗa da gishiri, an danne da dutse a ganga, Inna kuwa ba ta iya ɗaga dutsen. In an rufe kuma shekara guda yake yi kafin ya nuna, dole wani ya riƙa leƙawa.

Ta ce in rubuta ranar rufewa a jikin gangar da gawayi. Na ce da wane lissafi? Ta ce da wanda za a yi amfani da shi baɗi mana, in mun zo buɗewa. Sabon lissafin na rubuta, shi ya sa ya biyo ni har nan saman shafin.

Ƙunshin kayana yana nan a lungu. Na kwance shi ne kawai don in ciro zanen aiki.