Shafi Na Sha Tara

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara, wani abu ne ya dame ni.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin wani farfesa. Yayan mijina ne, shi ma ya samo mini aikin. Muna nazarin wani maganaɗisu ɗan mitsitsi, ƙwayar sinadari ɗaya tak, ido ba ya ganinsa. Sai mu sanyaya shi fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba, mu haska masa haske mai wani launi, mu ga ko zai juya fuskarsa. In har hasken ke juya shi, wata rana za a iya adana bayanai a cikinsa. To bana ya juya. Yaya har da buga wa abokansa waya.

Ni kuwa malamin da ya koya mini Alƙur'ani ba ya barin wasali ɗaya ya wuce, kuma abin ya bi jikina. Na sake gwajin da wani launin da bai kamata ya motsa shi ba. Ya juya. Na duba ma'aunin zafi, ashe ɗumin fitilar ne ke aikin, ba launin ba. Na rubuta a shafi na sha tara na littafin aiki, na kai masa. Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce in cire shafin. Wai a ƙarshen watan nan takardar sakamakonmu za ta tafi mujalla, da sunana a kai, ladar wahalata.

Tun ranar, ko kofin shayinsa na gani a tebur sai in kau da kai. Mutumin da ke jan mu salla in mun je gidansa. Mijina ya ce in rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ban cire ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai mijina. Ya zan yi?

Taki,
Wadda abin ya isa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki cire shafin nan. Yau ɗin nan ki ɗauki hotonsa ki adana.

Amma ki yi masa adalci. Shekaru ya zuba a aikin, ke kuma sau ɗaya kika gwada, kina iya yin kuskure. Ki same shi a ofis, ba a gida ba, ki roƙe shi ku maimaita tare, shi ya kunna fitilar da hannunsa. In ya ƙi, ki rubuta masa cikin ladabi cewa a cire sunanki daga takardar.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin na iya suɓucewa, a gida ma za a ɗaure miki fuska. Sai dai ki fahimtar da maigida cewa da zarar an buga, wasu masana za su maimaita gwajin, su kuwa ba surukan Yaya ba ne. Rufin asirin da yake nema, shafin nan ne.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kuma ba Yaya ikon dubawa.