Ku Cire Mini Aljanun Da Kuka Liƙa Mini

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta masu wasan dabo da rufa-ido ta ƙasa, da 'yan kwamitinsa na yaɗa labarai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ya iyali, ya haƙuri da mu? Allah ya taya ku riƙo.

Ranka ya daɗe, sunana Umaru, a fagen wasa ana ce mini Mai Ƙwarya. Ni mutumin wani ƙauye ne a bakin ruwan Goronyo. Ina shimfiɗa tabarma a kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo, da gidajen biki da na suna. In nuna wa jama'a ƙwarya babu komai a ciki, in kife ta, in ɗaga, sai ga tarwaɗa da ranta tana mutsu-mutsu. Yara su yi ihu, manya su yi dariya, a jefo mini abin da ya sawwaƙa. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ciyar da 'ya'yana da mahaifiyata. Na yi ta kai muku kuka a asirce har na gaji, shi ya sa yau na fito fili. Ku yi mini uzuri, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na ɗaya. Bayan Babbar Sallar bara kuka gayyace ni taron ƙasa. Ban taɓa zuwa ba, don murna har babbar riga na ara wajen surukina. Na yi wasan ƙwarya a gabanku, kai da kanka ka miƙe ka tafa mini. Samarin kwamitin yaɗa labarai suka ɗauke ni bidiyo, suka tambaye ni garinmu, na ce Goronyo, kusa da dam. Iyakar maganar da muka yi ke nan.

Na biyu. Ban daɗe da dawowa ba bidiyon ya shigo wayoyin mutanen garinmu. Da na gani ban gane kaina ba. An jajanta mini idanu, an sa hayaƙi yana tashi daga ƙwarya, an rubuta da manyan baƙaƙe: “Bokan Goronyo mai kiran aljanun ruwa.” Nan take na kira sakatarenku. Dariya ya yi, ya ce haka ake tallar wasa a duniya, kamata ya yi in gode don na yi suna. A dandalinmu na waya kuwa 'yan uwa sai taya ni murna suke yi.

Ranka ya daɗe, wataƙila a birni mutum ya ga wannan rubutu ya yi murmushi ya wuce. Mu nan ba haka muke ba. Ɗan dabo a ƙasarmu da taka-tsantsan yake cin abinci. Maigidana, marigayi Baba Ige na Rara, wanda ya koya mini sana'a, bai taɓa barin in taɓa ƙwarya ba sai na ɗaga murya na ce, “Jama'a, saurin hannu na, babu tsahi, babu iskoki!” Tun ina saurayi nake maimaita wannan kalma har mutane suka yarda da ni. Yanzu kuma ga ƙungiyata da kanta ta ba da shaida cewa ni boka ne. Maganar wa za a ɗauka, tawa ko taku?

Na uku, ga abin da tallarku ta jawo mini. Wani mai biki a Marnona da muka riga muka shirya da shi ya aiko mai babur ya ce kada in zo. A kasuwa in na shimfiɗa tabarma, iyaye janye 'ya'yansu suke yi. Bana kamu ya yi ƙaranci a ruwa, sai wasu masunta suka ce ai ni nake kwashe kifin dam ta cikin ƙwarya. Abin dariya, abin kuka! Ni da ko tarwaɗar wasan a hannunsu nake saye. To yanzu sun daina sayar mini.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, arziki na Allah ne. Abin da ya kasa haɗiyuwa a gida yake. Mahaifiyata ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta ga bidiyon ba, amma maƙwabta sun ba ta labari. Na kawo mata fura ta ture kwanon gefe, ta ce, “Ummaru, hwaɗa mani tsakaninka da Allah, kihin ga daga ina shi ka hitowa?” Na rantse mata babu komai sai dabara. Ta ce, “To mi ag gardama? Gwada mani.” Na ce mata rantsuwar sana'a ta hana ni, ita kuma ta fashe da kuka. Tun daga ranar sai matata ta miƙa mata abinci take ci.

A masallacin unguwarmu kuma ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni. Sai dai in an tsaya sahu, na dama ya ɗan matsa, na hagu ya ɗan matsa. Mutanen da muka yi wasan ƙasa tare ne fa.

Na huɗu, kuma nan ne na rasa tudun dafawa. Limaminmu adali ne. Ya kira ni zaurensa ya ce, “Ni ban zarge ka ba. Taho da ƙwaryag ga, ka gwada muna yadda a ka yi, ni da dattawa, sa'an nan ni in wanke ka gaban jama'a.” Wallahi abin bai fi ƙiftawar ido ba, da sun gani dariya za su yi. Amma kun san dokar ƙungiya: wanda ya tona asirin wasa ga wanda ba ɗan sana'a ba korarre ne, ba mai sake haɗa fage da shi. Na yi wa Baba Ige rantsuwa a kan haka, na sake yi muku. Liman ya ce rantsuwa tana da kaffara, gaskiya ne. To 'yan uwana fa da suke ci da wannan ƙwarya a wasu jihohi? A zamanin wayar nan, abin da aka nuna a zaure gobe yana kasuwa. Kaffara ba za ta mayar musu da abincinsu ba.

Don haka na nemi izininku. Sakatare ya ce sai kwamiti ya zauna. Daga baya ya ce kai Shugaba ka yi tafiya. Yanzu wayar sai ta yi ta ƙara har ta katse. A dandali kuwa kullum da sabon labari: an canza tambarin ƙungiya, wane ya samu lambar yabo, ana ɗinkin anko na taro mai zuwa. Makon jiya aka fito da sanarwar taron, sai ga hotona a tsakiya, da jajayen idanun nan da hayaƙin.

Ga roƙona. Ku janye bidiyon da hoton. Ka fito da bakinka, da Hausa, ka shaida wa mutanen Goronyo da Wurno da Rabah cewa yaranka ne suka ƙirƙiro maganar aljanu, Umaru bai san da ita ba. In hakan ya yi muku nauyi, ku turo dattijo ɗaya daga cikinku ya zauna da limaminmu. In wannan ma ba zai yiwu ba, to ku sauke mini rantsuwar a kan mutum ɗaya tak, mahaifiyata. Ba ta da waya, ba ta fita ko'ina. Zan sa hannunta a kan ƙwaryar ta shafa ta ji da kanta. Ina tsoron ta koma ga Allah tana zaton ɗanta ya sayar da imaninsa saboda tarwaɗa.

Ba ni da lauya, ba ni da wani babba a sama, ba ni da ƙarfin ja da ku. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama shugabanci lafiya, ya tsare ka da ganin ranar da mahaifiyarka za ta ture abincin hannunka.

Ina jiran amsarku, ita ma tana jira, kuma shekarunta sun yi nisa.

Wassalam.

Naku cikin sana'a,
Umaru Mai Ƙwarya,
daga bakin ruwan Goronyo.