Aljanar Littafin Ilu da Ruwan Zafinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, da ke kwance a maƙabartar Matameye. Gaisuwa da ladabi daga ɗanki Habu mai yadi.

Bayan haka, albishirinki, an yi gwani a birni. Ƙanena Ilu ya dawo daga cin rani a Kano da wani ɗan littafin boko, labarin aljannu a zamanin yaƙe-yaƙen Damagaram. Marubucin masani ne ƙwarai. Ya san aljani ciki da waje, illa dai da alama bai taɓa wucewa ta gindin tsamiya da rana tsaka ba. Aljanarsa tana shan shayi da sukari tun Nasara bai iso ba. Tana shiga kasuwa ta taya zane, ta yi fushi ta tafi, a kira ta ta dawo, sai ka ce 'yar ƙauyen Dawce. Ke kuwa kin gaya mana mutanen ɓoye ba sa taya kaya, da haka ma ake gane su.

Ranar kasuwa na karanta wa 'yan rumfarmu, ina yi ina gyara wa malamin kurakuransa. Mun sha dariya.

Sai na iso wurin da wata tsohuwa, ana gudun yaƙi, ta tsaya za ta zubar da ruwan zafi bayan bukka. Ta yi bismillah, ta ce wa na ƙasa su kauce da 'ya'yansu. Nan na rufe littafin ina share ido. Na ɗora laifin kan hayaƙin mai tsire.

Kin tuna shekarar da na zo hutu daga lakwal, makarantar boko, da gajeren wandona? Na same ki kina yin haka, na ƙyalƙyale da dariya gaban maƙwabta, na ce mushe, malamin ajinmu, ya ce ba kowa a ƙasa sai tururuwa. Ba ki ko ɗago kai ba. Kika ce, "To, Habu, ita tururuwar ba ta da 'ya'ya?"

Ban ba ki haƙuri ba har kika tafi. Na ma ƙara da hana matata koya wa takwararki, 'yata, wannan al'ada. Yarinyar ta kai shekara bakwai ba ta san komai naki ba sai suna.

Jiya da safe ni na riƙe mata tukunyar ruwan zafi, na koya mata kalmomin yadda kike faɗarsu. Ta tambaye ni wa ya koya mini, na zauna na ba ta labarinki har rumfata ta makara buɗewa.

Don haka na yafe wa malamin shayinsa, na kuma gode masa. Ke ma ki yafe mini, Innata. Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya makwancinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki,
Habu.

Kada dai ki ɗauka na yarda da aljanar nan tasa. Amma mutumin da bai yarda da su ba, yana kuma sallamarsu kafin ya zubar da ruwa, a wane layin kasuwa ake kasa shi?