Ɗiyar Da Na Goyo Daga Malanbil

Gaya, washegarin yawon Salla
Zuwa ga Sallau mai albasa, kasuwar Malanbil

Sallau, don Allah ajiye abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu. Kada ka ce sai an tashi kasuwa. Ni ce yayarka Hasiya. Alassan tela ke rubuta mini, na ce ya sa magana yadda ta fito daga bakina. Wai ban gaishe ka ba. Ina gaisuwa, ina iyali, barka da Salla.

Jiya na ƙetaro wajenku da jikokina, Bubakar da Zalika, ɗiyan ɗana Isufu. Ban biyo gidanka ba don na san za ka yi faɗa. Wurin wasan nan munka je, wanda anka kafa bayan tasha, mai dawakin roba masu juyawa. Tun da anka kafa shi yaran unguwa ba su da wani zance. Uwarsu Sakina tana gidansu a Tanda tana wankan jego, Isufu yana hanyar Kotonu da kamiyo, babbar motar kaya. Ni anka bar wa su. Na ce bari su ma su gani.

Sun ji daɗi, Sallau. Zalika ta sha abin sanyi har ya gangaro mata a wuya. Ta hau jan doki ta ƙi sauka. Duk zagayowa sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Kaka!" Ana kiran magariba injin wutarsu ya mutu. Duhu, kuka, kowa na ture kowa yana jan nasa. Na hango atamfarta ta Salla, ruwan ɗorawa mai zanen kifi. Na cafko, na goya, na lulluɓe da mayafi, na ja hannun Bubakar sai bakin ruwa. Ta yi ta kuka a bayana har ta yi barci. A cikin jirgi Bubakar ya ce, "Kaka, wannan ba takalmin Zalika ba ne." Na ce ya rufe mini baki, takalmin yara ai musanya yake yi.

Gari ya waye na ɗaga ta in yi mata wanka. Ba ita ba ce. Atamfa ɗaya, ɗinki ɗaya, kitso ɗaya, har lallen. Amma ɗiyar wasu ce. Alassan ya ce bana atamfar nan ta cika kasuwar Gaya da ta wajenku, shi kaɗai ya ɗinka ta har kifin ya fita ransa.

Ka je wurin ka tambaya. Zalika ta wuce shekara uku kaɗan. Akwai munduwar jan ƙarfe a ƙafarta ta hagu, wadda Inna ta sa mini ina ƙarama, ka san ta. Kada ka kira Isufu, yana tuƙi. Kada maganar ta kai Tanda, mai jego ce. Mai jirgin da ya kawo takardar nan zai jira amsa.

Allah ya kiyaye ka.
Yayarka Hasiya


Malanbil
Zuwa ga Yaya Hasiya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin ɗan samu natsuwa.

Yaya, ba zan yi faɗa ba, ko da yake da kin biyo ta gida da na haɗa ki da mai ido. An riga an yi.

Na rufe rumfa na je wurin. Dawakan suna ta juyawa kamar ba a yi komai ba. Mai wurin mutumin kudu ne, faransanci kaɗai yake ji, sai da na nemo mai fassara. Ya ce da wuta ta dawo babu yaron da ya saura, kowa an tafi da shi. Na je wajen jandarma, sun rubuta. Na sa an yi shela a masallacin kasuwa da na tasha.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Har yanzu babu wanda ya zo cigiyar yarinya mai irin atamfar nan. Ni a ganina wannan alheri ne. Yadda kika goyi tasu haka suka ɗauki tamu, kuma ƙauyensu da nisa. Za su waiwayo, babu uwar da za ta yi shiru.

Ki kai yarinyar wajen ƴan sanda a Gaya tun kafin a ce kin saci ɗiyar mutane. Ki lallashe ta ta faɗi sunanta da na garinsu. Kuma Yaya, Isufu ubanta ne, ɓoye masa ba daidai ba ne.

Ki ci abinci. Iyali suna gaishe ki.
Ƙanenki Sallau


Gaya
Zuwa ga Sallau

Ina gaisuwa, ina gajiyar yawo. Yau Safi maƙwabciyata ke rubutu, Alassan ya ce ba zai iya ba.

Na kai ta wajen ƴan sanda yadda ka ce. Sun ɗauke ta hoto, sun ce in riƙe ta tukuna, wai ba su da wurin ajiye yara. Ga ta nan tare da ni.

Ba ta da rigima. Abin da na ba ta take ci. Kayan Zalika sun yi mata daidai, tabarmar Zalika take kwana. Masu wucewa in sun hango ta daga baya sai su ce, "Zalika, ba gaisuwa?" Ba ta juyawa. Ni ma ba na gyara musu.

Jiya Bubakar ya ba ta balan-balan ɗin da munka sayo a can, sai ta buɗe baki. Dandanci take yi. Sunanta Nuriya. Garinsu ba ta sani ba, ta ce gida kawai. Ta ce babanta ya kawo ta hawan doki, ya ce ta riƙe da kyau yana nan tsaye. Tana tambaya ko har yanzu yana tsaye. Na ce mata i.

Safi ta duba fuskarta ta ce ƴan tsagar da ke gefen idonta irin na masuntan ƙasan ruwa ne, na tungayen da ke ɓangarenku. Ka bi ta can.

Sakina ta aiko mai babur daga Tanda, wai a kawo mata Zalika ta ga ƙaninta, ta ajiye mata naman Salla. Na ce a gaya mata mura take yi. Bubakar yana tsaye na faɗa. Tun ranar bai sake ce mini Kaka ba, sai dai ya zo ya tsaya.

Safi na cewa in yi kuka in huta. Na duba, babu. Ina shara, ina dafa tuwo, ina salla. In na rufe ido jan dokin nan nake gani yana zagayowa, ina jira ya iso gabana, sai ya iso ba kowa a kansa.

Isufu ban kira ba. Bari mu samo ta, sai in gaya masa yana ganinta.

Allah ya ba ka sa'a.
Yayarka Hasiya


Malanbil
Zuwa ga Yaya Hasiya

Assalamu alaikum. Wanda zai karanta mata takardar nan, don Allah ya zaunar da ita tukuna.

Yaya, na bi tungayen ƙasan ruwa kamar yadda kika ce. A ta ƙarshe na tarar da zaman makoki.

Daren da kuka ƙetara, wani jirgi ya taso daga Malanbil da masu yawon Salla, ya yi lodi fiye da kima, ya kife kafin ya kai gaci. Yawanci sun fita. Wani masunci mai suna Abdurrahman bai fita ba. Waɗanda ke kusa da shi sun ce yana rungume da yarinya mai atamfar kifi, ya lulluɓe ta da rigarsa saboda iska, kuma ya ƙi sakinta. Da ya sake ta da ya tsira, gwanin iyo ne.

Sai da suka kwana a ruwa aka same su. Kin san al'adar mutanen nan, wanda ruwa ya ci ba a shigar da shi gari. A bakin ruwa maza suka yi musu sutura suka binne, mata ba su gani ba. Sun ga atamfa, sun gan ta a hannun uban, babu wanda ya yi tambaya. Shi ya sa ba a zo cigiya ba.

Matarsa Aishatu tana cikin takaba, ana yi mata gaisuwar miji da ta ɗiyarta Nuriya. Na zauna na yi mata gaisuwa kamar kowa. Yarinya ce ƙarama, ita kaɗai gare ta.

Dattijon da ya yi suturar ya ce ya cire wani abu a ƙafar yarinyar, ya kai wa uwar, ta ce ba ta san shi ba. Na roƙe shi ya ba ni. Ga shi nan na ƙunsa a ƙyalle, mai jirgi zai ba ki hannu da hannu. Ni na gane shi, amma ke kika sa mata.

Ban gaya wa kowa ba, can ko nan. Ke ce babba. Abin da kika ce shi zan yi.

Allah ya ba mu haƙuri.
Ƙanenki Sallau


Gaya
Zuwa ga Sallau

Ina gaisuwa. Safi ke rubutu, tana kuka, in ka ga ya jiƙe ba ni ba ce.

Munduwar ce. Ga ta a hannuna.

Nuriya tana zaune gabana tana shan koko. Na wanke mata atamfarta, ta bushe. Gobe da sassafe zan goya ta in ƙetaro, ka jira ni a bakin ruwa. Ka ce wa dattijon ya nuna mini wurin. Mutumin nan da ya ƙi sakin jikata, ina so in tsaya a kansa.

Isufu da Sakina, da bakina za su ji, kada kowa ya riga ni. Tanda zan wuce in na dawo. Nasu labarin ko an jinkirta ba zai sake ba.

Amma waccan tana can tana kukan ɗiyar da ke shan koko a tsakar gidana. Kada ta ƙara kwana haka. Ka tashi yanzu, Sallau, kada ka jira ni. Aishatu za a fara gaya wa.

Yayarka Hasiya