Tsirkiyar da Na Sassauta Don Kunnen Rosnah

Adinda Rosnah, hasken idona, sanyin ƙirjina, farin watan da ke hawa kan teku idan ruwa ya kwanta, ƙamshin kanumfari a iskar damina, ruwan ɗanyar kwakwa a maƙogwaron wanda ya wuni cikin kwale-kwale! Sallama gare ki irin wadda igiyar ruwa ke kai wa gaɓa, ta tafi ta dawo, ba ta gajiya, ba ta jin kunya.

Abang ɗinki ne, yayanki na soyayya, Atan. Ki yi haƙuri da rubutun Jawi, ajamin namu, shi kaɗai na fito da shi daga surau, makarantar allonmu, shi da tabon bulala a ƙauri. Na san ke 'yar makarantar gwamnati ce, amma a hankali za ki haɗa baƙaƙen. Da so samu ne da baki zan faɗa miki. To bakin ne ya fara zama banza a wurinki.

Jiya da la'asar mahaifiyarki, Mak Ijah, ta sauko daga jirgin ruwan Tanjung Pinang, garin da kike kwance asibiti, ta zauna kan matakalar gidanku ko takalmi ba ta cire ba. Na je da wasana na kullum, na ce, "Mak, yaya muka baro sarauniyar masu tari?" Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Atan, yau ka ajiye shaƙiyancinka a waje. Ƙanwarka ta ƙi allura. Ta ce allurar na cinye mata kunne, wai gara ta tafi tana jin kiran salla. Likita kuwa ya ce in ta tsaya yanzu, tarin fukan zai dawo da ƙarfin da ba shi da magani, ya ɗauke ta yadda ya ɗauki ubanta."

Wayyo Rosnah! Wannan wace irin magana ce kika aiko mana da ita? Tun jiya shinkafa ta zame min yashi a baki. Duk tsibirin nan ni aka sani da rashin ji, tun daga liman har kajin unguwa. Nawa na ɗan lokaci ne, ana dukana ina dariya. Naki na gaske ne, na sani, ban raina shi ba. Amma ki haɗa rashin jin kunne da rashin jin magana a lokaci guda? Haba Adinda, ki bar min ɗaya mana.

Kin tuna shagon kofi na marigayi babanki, da baƙar rikodar nan da ke kan kanta, da kaset ɗin da ya zo da shi daga Singapura lokacin yana aikin jirgi? Tsohuwar waƙar rok ta Turawa, mai doguwar jita a tsakiya. Kina suyar ayaba, amma da an zo wurin jitar sai ki tsaya cak, ludayi a sama, ido a kan teku, ayaba na ƙonewa. Ran nan kika ce, "Bang, wai me yake cewa ne?" Ni da ko "zo" ban sani ba da Turanci, na gyara zama na ce, "Bature ne aka sace wa akuya, yana roƙon a dawo masa da ita ko da igiyar ce." Kika yarda har kika ce Allah sarki, kafin kika ga bakina na rawa, kika bi ni da ɓawon ayaba har bakin gada. Ranar dariyarki ta fi ƙarar injin jirgi. Ina take yanzu, ya tsuntsuwar da ta bar reshe yana lilo?

Ranar da za a tafi da ke asibiti kika sa min kaset ɗin a hannu, kina tari cikin gyale, kika ce, "Tunda kana cika baki da mandolin, 'yar garayar nan ta tsohon makaɗi Pak Long Deraman, ka kaɗa min wannan in gani." Na ce ƙaramin aiki ne. Ashe dutse na ɗauka da hannu ɗaya.

Ba mai koya min, ba takarda. Pak Long waƙoƙin biki kawai ya sani, yatsunsa kuma sun sandare. Sai na yi wa waƙar yadda aka yi mana hadda a surau: in saurari guntu kaɗan, in tsayar, in maimaita da baki har ya zauna, sannan in bi wuyan mandolin ina lalube kamar mai neman kaguwa cikin laka. In na kama, in ɗora na gaba. Kaset ɗin ma da tsinken kwakwa nake juya shi baya don kada batir ya ƙare. Abin da ya fi ba ni wuya, jitar Baturen nan tana jan sauti ɗaya ta riƙe shi kamar kukan mai takaba, mandolin kuwa da ka taɓa, tas, ya mutu. Na rasa yadda zan yi, sai na tuna madda a karatu, yadda malam ke sa mu ja harafi har numfashi ya ƙare. Na riƙa karkaɗa tsirkiyar da sauri da sauri har sautin ya haɗe ya zama ja ɗaya. Da malam ya san inda tajwidinsa ya ƙare, da ya biyo ni da sanda har cikin ruwa. Yatsuna suka fashe, gishirin teku ya shiga, ban damu ba. Na haɗa ta daga kai har wutsiya, can sama, siririya, tana walƙiya kamar sarƙar azurfa.

Sai na zo dubiya. Ba a bari a shiga ɗakinku, na zagaya ta bayan taga, na gan ki zaune kin juya baya, wuyanki ya rame kamar na zalɓe. Na yi fiton nan namu, wanda kike ji ko kina bayan gida kina wanki. Ba ki juyo ba. Na sake. Na ce fushi ne don na daɗe ban zo ba. Na sake har leɓena ya bushe. Wata nas mai ɗauke da tasa ta tsaya ta ce, "Samari, daina wahalar da kanka. Siririn sauti ne ke fara tafiya. Tsuntsu da fito da cokali a kofi duk sun wuce ta. Yi mata magana da babbar murya, daga ƙirji." Na kira sunanki da muryar tsoho, kika juyo, kika yi murmushi, kika ce ina waƙarki. Mandolin na cikin buhu a bayana. Na ce ban gama ba. Yaya zan fito da ita, alhali duk abin da na haɗa yana can saman inda kunnenki ya riga ya rufe ƙofa?

A jirgin dawowa ban tsokani kowa ba, har mai karɓar tikiti ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Washegari da hantsi na kunna rikodar, ba don komai ba, don dai in ji abin da kike so. Batir ya yi sanyi. Waƙar ta fara jan ƙafa, muryar Baturen ta yi kauri kamar ta bajimi, jitar ta sauko ƙasa tana gurnani irin na injin kwale-kwale daga nesa. Na miƙa hannu zan kashe, sai hannun ya tsaya. Injin kwale-kwale ai kina jin sa! Na sassauta tsirkiyoyin nan takwas har suka fara lilo. Na kwance sirarran, na warware wayar birkin tsohon babur na ɗaura a madadinsu. Na sake bin waƙar daga farko, da mataccen batir, a ƙasa, guntu bayan guntu.

Pak Long ya fito yana ɗaura zani, ya saurara, ya ce, "Kai ɗan banza, me ka yi wa kayana? Na ba ka tsuntsu ka mayar min da shi saniya!" Na ce, "Pak Long, saniyar ce kaɗai Rosnah ke ji." Ya koma ciki, ya fito da wata tsohuwar tsirkiya mai kauri da ya ɓoye cikin gwangwanin taba, ya jefo min, ya ce, "Sa wannan a ƙasa, wayar birkinka na tsatsa."

Yanzu ta kusa haɗuwa, saura gangarar ƙarshe. Ba ta da kyau kamar ta farko, ba zan yi miki ƙarya ba. Tana tafiya a hankali kamar masu ɗauke da makara. Amma taki ce, don kunnenki aka yanka ta.

Ga roƙona, ya ruwan sama a kan rufin da ya gaji da rana, ya fitilar gaɓa ga wanda hadari ya tarar a tsakiyar teku. Ki miƙa musu jikinki su yi allurar. Na san abin da nake roƙo. Kowace allura za ta ɗebe wani abu daga kunnenki, ta biyo sautin ƙasa ma ta cinye, har wata rana saniyar tawa ta yi ta kuka ba mai ji. Ina roƙon ki da ki karɓi abin da zai kashe aikin hannuna, kuma wallahi da zuciya ɗaya nake roƙo. Me zan yi da kunnuwa biyu lafiyayyu a ƙarƙashin ƙasa? Wa zan kaɗa wa, dutsen kabari? Kiran salla kike tsoron rasawa? Ni zan zame miki ladani, in taɓa kafaɗarki sau biyar a rana har ƙarshen raina. Ki kurmance ki rayu, Rosnah. Ki rayu ki tsufa ki yi ta yi min faɗa da ƙarfi, don an ce kurame ba su san ƙarar muryarsu ba, ni kuwa na shirya.

Zan biyo jirgi na gaba, in tsaya bayan tagar nan. In na tarar da saura a kunnenki, alhamdu lillahi, ki saurara. In na tarar ya tafi duka, zan kaɗa duk da haka, ki miƙo tafin hannunki ta tagar ki ɗora a jikin mandolin, ki ji yadda yake rawa. Kuma ki sani, duk kuskuren da na yi ranar, ba ki da shaida.

Naki, mai ji da marar ji, muddin teku na taɓa gaɓar tsibirin nan,

Abang Atan