Ki Bar Faifan Nan, Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya mutanen gida, ya yara? Ni lafiya lau. Tsayuwar kicin ce ke kumbura min ƙafa, amma ana sabawa.

Kin san mawaƙin nan da na tara faifansa, wanda ko albasa ba na yankawa sai da muryarsa? Ya zo wasa zauren da muke girki. Na roƙi shugaban kicin ya bar ni na dafa wa mawaƙin abinci, na kai masa da hannuna.

Loma ɗaya ya kai, ya tofar cikin farantin, ya tura wa tsohon makaɗinsa, ya ce, "Cinye, kar a yi asara." Dattijo da furfurarsa ya cinye, ana dariya. Sai gogan ya hau dandamali yana waƙar tausayi, mutane suna hawaye. Ni banɗaki na nufa, na yi amai.

Yanzu shiru nake girki. Sabon faifan da na ce ki nemo min, ki bar shi. Amma kar ki faɗa wa Baba, waƙoƙin nan ne ke ɗebe masa kewa tun rasuwar Inna.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki