Ni na canza birkin motar Kawu, yanzu an ƙi amincewa da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara suka rage mini, kuma na kasa tsayawa a kan magana ɗaya.

Ni injiniya ne, ina aiki a West Bay a nan Doha, ina zaune da iyalina a Al Wukair. Shekara uku da suka wuce na sayi wata tsohuwar jif saboda sha'awar shiga sahara ranar Juma'a. Na ɗaga ta sama, na sa sababbin sifirin da shokozoba masu tsawo, na canza birkin baya zuwa wani mai ƙarfi. Akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashinta da ke raba ƙarfin birki tsakanin tayoyin gaba da na baya, da muka ɗaga motar sai sandarsa ta daina kaiwa, makaniken ya ce mu nemi mai tsawo, ni kuma na ce ya cire shi gaba ɗaya, ba shi da amfani. Ya sake tambayata, na ce masa ni injiniya ne. Ya cire. Tsofaffin kayan ma a garejin na bar su, aka zubar.

Kun san duk shekara sai mota ta je gwaji kafin a sabunta istimara, wato takardar rajistarta, kuma motar da aka yi wa irin wannan canjin ba tare da izini ba ba ta wucewa. To garejin suna da saiti ɗaya na kayan asali a cikin buhu, suna ɗaura wa mota da safe, ta je ta wuce gwaji, da yamma su kwance su mayar maka da naka, gobe wata motar ce za ta sa. Sau biyu na yi haka. Ba zan ce ban san kuskure ba ne.

Bara na ba kawuna motar, ƙanin mahaifiyata. Shi ya tarbe ni da na fara zuwa ƙasar nan, a ɗakinsa na kwana wata biyu, shi a ƙasa ni a kan gado. Gadi yake yi a wata gona can bayan gari, ƙarshen hanyar yashi ne zalla, ƙaramar mota ba ta shiga. Kafil ɗinsu, wato ubangidan da ya ɗauke su aiki shi da abokan aikinsa, ya janye motar da ke kai su, ya ce kowa ya san yadda zai yi. Yanzu kullum da safe Kawu ke ɗaukar abokan aikinsa huɗu, duk 'yan gida ne, masu iyali. Amma motar har yau sunana ne a kanta.

Watan jiya yana ba ni labari cikin dariya, wai ya taka birki a wani shataletale, bayan motar ya juyo har sai da ya hango inda ya fito. Ya ce yashi ne a kan titi. Ni ban yi dariya ba. Na yanke shawarar bana hanyar gaskiya zan bi, in nemi a amince da canjin a rubuce. Aka ce sai na kawo rahoton gwaji daga wurin da aka yarda da shi. Na kai ta. Mai gwajin ya nuna mini a kan allon na'urarsa cewa tayoyin baya ke riga na gaba kullewa, ya ce a cikin yashi ba lallai ka ji ba, amma a kan kwalta, idan aka taka da ƙarfi, motar za ta juya, kuma da tsawon da ke gare ta tana iya kifewa. Ya tambaye ni wa ya cire bawul ɗin. Na ce wanda ya sayar mini. Ƙarya na yi, kuma har yanzu tana damuna. Motar dai ba ta wuce gwajin ba, aka ƙi amincewa da canjin.

Na yi odar kayan asali, amma motar ta tsufa, sai daga waje, an ce sati shida. Istimara kuma saura kwana tara.

Na je na sami Kawu na faɗa masa komai, har da cewa ni na sa aka cire. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce to Injiniya, da kake hawanta da 'ya'yanka shekara biyu ba ta kifewa, sai da ta zo hannun mai gadi. Na ce ku yi haƙuri Kawu, a lokacin ban sani ba, yanzu na sani. Ya ce in kai ta gareji a ɗaura kayan buhu kamar yadda na saba, khalas, magana ta ƙare, shi zai riƙa tafiya a hankali har kayan su iso. Na ce zan ɗauko musu hayar wata motar, ya ce ya girme wa a riƙa yi masa sadaka a gaban abokan aikinsa, kuma kada in kuskura in tsoratar da su, domin idan suka yi fashin kwana uku kafil zai kawo wasu. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Jiya mahaifiyata ta kira daga gida, ta ce ta ji ina neman ƙwace kyautar da na yi wa ƙaninta.

Matata ta ce tunda motar sunana ne, in je da ɗayan mukullin in ɗauko ta kawai, fushin Kawu zai wuce. Na san hakan zai iya raba shi da aikinsa, kuma zai raba ni da shi. Idan kuma na ɗaura kayan buhu, da sanina na sa hannu mutum biyar su ci gaba da hawa.

Me zan yi? In ɗauke motar ba da izininsa ba? Ko in kewaye shi in faɗa wa mutum huɗun nan gaskiya su zaɓa da kansu? Wanda ya san wata hanya a Doha ya taimaka. Mukullin yana aljihuna tun shekaranjiya, kuma gobe da safe ma za su hau.